Tayar da Ka Bari a Kan Rufi

Na Allah muke, kuma wurinsa muka nufa. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran mahaifina, mai wankin motar bakin titi da kowa ya sani da Mai Farin Tsumma. Ya rasu a asibiti bayan jinyar kwana huɗu. Shekarunsa sittin da uku, talatin da ɗaya daga ciki ya yi su a tsaye cikin ruwan sabulu. Ya bar Ummanmu, da mu 'ya'yansa huɗu, da jikoki shida, da ƙaninsa da suke tarayya a rumfar wankin. Ya kuma bar wata taya a kan rufin rumfar, kuma saboda ita na zauna nake wannan rubutu.

Baba, ni ce ta biyu a 'ya'yanka, malamar makarantar nan da Umma take cewa ta ɗauko bakinka ta bar haƙurinka. Na so in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi, irin wadda ake karantawa a share hawaye a wuce. Ban iya ba. Kwana biyu da binne ka, ina zaune a ɗakin Umma, maza suna zaman gaisuwa a ƙofar gida, tagar kuma a buɗe take. Sai na ji wani yana cewa: “Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, sai dai taurin kai ya hana shi ci gaba. Waɗanda suka fara bayansa da shekara goma, yau rumfa uku-uku gare su.” Na gane muryar, amma ba zan faɗi mai ita ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne shirun da ya biyo baya. Baffa yana wurin, ƙaninka na ciki ɗaya, bai ce uffan ba. Na danne maganata a ranar, domin gidan makoki ba wurin musu ba ne. Yau ba a gidan makoki nake ba, a kan takardata nake, kuma zan ba da amsa.

Wanda bai san sana'ar ba zai yi mamakin jin cewa duk wannan taurin kan da ake faɗa a kan man taya ne. Idan aka gama wanke mota, aka goge gilashi, aka share ciki, abu na ƙarshe shi ne a shafa wa gefen taya wani mai domin baƙinta ya dawo. Mai mota ba ya leƙa ƙarƙashin kujera ya ga ko an share, amma taya yana ganinta tun daga nesa. Saboda haka masu wanki suka gane cewa ƙyallin taya shi ne tallarsu. Wasu su sayi mai kauri mai warin kananzir, wanda yake sa taya ta yi sheƙi kamar yanzu aka tsamo ta daga ruwa. Wasu ma ba sa saye, baƙin man da aka juye daga inji suke shafawa, ko man birki. Motar ta fita tana walƙiya, mai ita yana murmushi. Kafin ya kai gida man ya fantsamu a jikin fenti, ƙura ta manne, bayan watanni kuma gefen tayar ya fara yin ja-ja yana tsattsagewa. A lokacin babu wanda zai tuna da mai wanki, mai sayar da taya za a zaga.

Kai kuwa, Baba, fari kake shafawa, mai ruwa-ruwa kamar madara, wanda idan ya bushe taya ta yi baƙi wuluk amma ba ta ƙyalli. Idan ka gama sai ka zaro farin tsumman da ba ya rabuwa da kafaɗarka, ka goga a gefen tayar a gaban mai motar, ka ɗaga masa. Idan tsumman ya fito fes, aiki ya yi. Idan ya ɗauko maiƙo, a sake wankewa, ko da motoci biyar na layi. Daga nan sunan ya samo asali. Da zolaya aka fara kiran ka da shi, masu wankin tsallaken titi ne suka raɗa maka, kai kuma ka karɓe shi hannu biyu har ka sa Umma ta riƙa yanka maka tsofaffin zanen gado farare. Mun taso a gidan da farin zanen gado ba ya tsufa a kan gado.

Amma ba tsumman ne yake zaɓar maka mai ba. Tayar kan rufi ce take zaɓa. Duk shekara, a ƙarshen watan Afrilu, kana zuwa wurin maƙwabcinka mai faci ka zaɓi taya guda wadda ta ɗan yi aiki amma gefenta lafiya lau, babu tsaga ko ɗaya. Ka raba gefenta gida biyar da farin fenti, ka rubuta lamba ɗaya zuwa biyar. Gida huɗu, kowanne da man da ake gwadawa. Na biyar ba a shafa masa komai, ruwa kawai yake sha, domin a ga abin da rana da iska suke yi wa taya idan babu wanda ya taɓa ta. Sai ka hau da ita kan kwanon rumfa ka kwantar, inda rana take dukan ta daga fitowa har faɗuwa. Kowace Asabar da safe, kafin motar farko, ka jingina tsani ka hau, ka wanke ta, ka shafa wa kowane gida mansa, ka rubuta abin da ka gani a ɗan littafin da kake ajiyewa cikin gwangwani a cikin tayar. Sai shekara ta cika cif ake sauko da ita. Man da gidansa ya fi na biyar kyau, shi ne zai taɓa motar mutane. Wanda gidansa ya fi na biyar lalacewa, ko kyauta aka kawo shi ba ya shiga rumfar.

Ni da na yi karatun kimiyya har nake koyar da ita, sai da na kai aji biyu a jami'a wani malami ya tsaya yana mana bayanin cewa kowane gwaji yana bukatar wani sashe da ba a taɓa ba, domin a sami abin kwatantawa. Ɗalibai suna ta rubutu, ni kuwa dariya ta kama ni, don lamba biyar yake nufi. Da na dawo hutu na ba ka labari, sai ka ce: “To, ashe da kin zauna a rumfa da mun huta da kuɗin makaranta.” Aji huɗu ka yi a firamare, Baba.

Yanzu bari in zo kan taurin kai, tunda shi aka ɗora maka. Wanda ya faɗi maganar ya manta da shekarar haɗinka. Ni ban manta ba, ina da shekara goma sha biyar. Ka zauna ka ƙirƙiro man tayarka da kanka, ka yi wata da watanni kana gauraya wannan da wancan a bayan rumfa, ba ka gaya wa kowa abin da ke ciki ba, har Umma. Ya yi kyau ƙwarai, baƙi mai ɗan haske, ga ƙamshi. A wannan karon kaɗai ka karya dokarka: ka fara shafa wa motocin mutane tun gwajin yana wata na uku, saboda naka ne kuma ka yarda da hannunka. Mutane suka so shi, har wasu suna zuwa da kwalba a sammusu. A ƙarshen Afrilu ka sauko da tayar. Gidan haɗinka ya yi ja, ya yi ƙananan tsaga kamar tafin ƙafa a lokacin sanyi, lamba biyar kuwa da ba a shafa wa komai ba tana nan garau. Babu wanda ya gani sai kai da Dogo, ma'aikacinka da kuka shekara ashirin da biyu tare. Da ka so, da ka mirgina tayar bayan rumfa ka yi shiru, ka sauya mai a hankali ba wanda ya sani.

Ba haka ka yi ba. Ka jingina tayar a bakin rumfa inda kowa zai gani, ta yi wata biyu a wurin. Duk wanda ka taɓa shafa wa haɗin, ka nuna masa, ka ce: “Ga abin da na sa maka. Kuskurena ne, na yi gaggawa.” Ka sa buroshi da sabulu kuka kankare tayoyinsu ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka karɓi komai ba. Wani direban tasi da ya daina zuwa, sai da ka bi shi har tasha. Masu wankin tsallake sun sha dariya a wannan shekarar, wasu masu motocin kuma ba su sake dawowa ba. Na ga yadda ka rame. To, ina tambayar mai maganar nan: mai taurin kai ne yake jingina kuskurensa a bakin titi wata biyu? Mutumin da ya ƙi yarda da man da ya haɗa da hannunsa saboda taya ta ƙaryata shi, shi ne zai yarda da na wani saboda kwalbar tana da hoto mai kyau?

Na san ka yi asarar masu manyan motoci, ba na musun wannan. Na taɓa gani da idona. Wani mutum ya zo da doguwar baƙar mota zai je ɗaurin auren 'yarsa, ya ce a sa wa tayoyin mai ƙyalli. Ka ce ba ka da shi. Ya ce a aika a sayo, zai biya. Ka ce ba ka shafa shi. Ya ce motarsa ce ko taka? Ka ce tasa ce, amma hannun naka ne, ka kuma nuna masa rumfar tsallake cikin ladabi, har ka tare masa titi ya ƙetare. Baffa ya yi kwana uku ba ya yi maka magana. Ba zan yi ƙarya in ce mutumin ya dawo yana nadama ba, bai dawo ba, kuma irinsa suna da yawa. Ka san za su tafi, ka bar su suka tafi.

Akwai kuma abin da mai maganar bai lissafa ba. Wata rana wani mai babur ya tsaya shan ruwa a famfon rumfarka, ka hango tayoyinsa suna sheƙi har inda suke taka ƙasa, wani ya shafe su da mai gaba ɗaya. Ka bar motar da kake wankewa da kumfa a jikinta, ka riƙe kan babur ɗin ka ce ba zai tashi ba. Ya zaci faɗa kake nema. Ka durƙusa ka wanke tayoyin sau uku, kana gaya masa cewa tayar babur ba a shafa mata komai, domin da gefenta take shan kwana, kuma a kwanar farko zai tsinci kansa a ƙasa. Ya zo gaisuwa, Baba. Yanzu yana da furfura, ya ce a gaya wa Umma shi ne mai babur ɗin da aka tsare. Motar ɗaukar marasa lafiya ta ƙaramin asibitin unguwa kuwa, shekara tara kana wanke ta duk mako, ciki da waje, abin da wasu masu wankin suke ƙyama, ba ka taɓa karɓar komai ba. Mu ba mu sani ba sai da direbanta ya faɗa yana kuka. A cikinta aka kai ka asibiti ranar Juma'a, a cikinta aka dawo da kai ranar Talata.

Ranar da aka yi jana'izarka, bayan maza sun dawo, na leƙa ta ƙofa na ga motoci sun cika layinmu har kwanar titi. Ban san yawancin masu su ba. Sai idona ya sauka ƙasa, kamar yadda ka koya mana ba da niyya ba, domin 'ya'yanka duk inda suka ga mota tayarta suke fara kallo. Na bi layin da ido. Tasi, motar makaranta, tsohuwar a-kori-kura, ƙananan motocin ma'aikata, kusan duka tayoyinsu baƙi ne mai tsabta marar ƙyalli. Na gane mutanenka ba tare da an gabatar mini da kowa ba. A nan ne na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Yanzu ga abin da ke gabanmu, don wanda yake karantawa ya fahimci dalilin zafina. Bara, a watan Afrilu, wani dillalin man taya ya zo rumfar da jar jarka. Ya kawo tayi mai kyau: kamfaninsu zai ba da sabon injin wanki mai feshi, ya ɗaga rumfar ya sake mata rufi, ya kafa babban allon talla a sama, da sharaɗin cewa mansu kaɗai za a riƙa shafawa. Ka saurare shi har ya gama, ka ba shi kujera da ruwa. Sannan ka ɗebi man a kwalba ka rubuta mata lamba huɗu, ka ce ya dawo baɗi war haka. Ya yi dariya, ya zaci wasa kake. Da ya ga ka ɗauki tsani, dariyar ta tsaya. Ya yi ta zuwa cikin shekarar, duk zuwa amsa ɗaya yake samu. Shekarar za ta cika ranar Asabar ta ƙarshe a watan Afrilu. Ka rasu saura Asabar bakwai.

Ko a gadon asibiti tayar ba ta bar ranka ba. Ranar Lahadi da safe, ga robar iska a hancinka, ka yafito ni da hannu. Na sunkuya ina zaton wasiyya za ka yi. Ka ce: “Wa ya hau jiya?” Na ce babu kowa, Baba, duk muna nan wurinka. Ka kawar da kai gefe, sannan ka ce: “A hau yau. A rubuta an makara da kwana ɗaya.” Na kira Dogo ya hau. Ranar Litinin magana ta yi maka nauyi, ka buɗe ido ka dube ni ka ce: “An hau?” Na ce an hau. Ka lumshe ido. Bayan wannan, kalmar shahada kaɗai na sake ji daga bakinka.

Kwana uku da rasuwarka dillalin ya zo gaisuwa, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ja Baffa gefe. Ya ce tayin yana nan, amma zuwa ƙarshen watan Maris kawai, idan ba a amsa ba zai kai wa rumfar tsallake. Baffa ya amince masa da baki kawai. Ya hana Dogo hawa rufi, ya kulle tsanin a ɗakin kaya.

Ba zan zalunci Baffa a rubutun nan ba, kai ma ba za ka so ba. Shekara talatin yana jan ruwa da bokiti saboda injin rumfar ya tsufa, kafaɗarsa ta dama ba ta ɗaguwa sosai yanzu. Yana da iyali, ga namu ya ƙaru a kansa. Rumfar tana yoyo. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma ya faɗa mini cikin taushi. Ya ce: “'Yata, mai tayar ya tafi. Injin nan shi zai riƙe gidaje biyu. Asabar bakwai me za ta canza?” Na ce: “Baffa, idan ba za ta canza komai ba, me ya sa mai jarkar ba zai iya jiran ta ba?” Daga nan ban ƙara ba, don na san bakina.

Ban roƙi Dogo ya saɓa wa Baffa ba, yana da 'ya'ya biyar kuma aikinsa ke nan. Yayanmu yana aiki a nesa, ya koma bayan kwana uku. Saboda haka Asabar ta farko bayan rasuwarka, da sassafe, na ɗaura ɗamara a kan zanena, na je wurin mai faci na ari tsaninsa. Ya dube ni, ya dubi rufin, ya ce: “Malama, ke da kanki?” Na ce ko kai za ka hau? Ya ɗauko tsanin ya kai mini har gindin rumfa. Ban taɓa hawa rufi ba a rayuwata. Kwanon yana ƙara a ƙarƙashina, masu wankin tsallake sun bar aikinsu sun tsaya kallo. Na san kafin azahar labari ya kai ko'ina cewa 'yar Mai Farin Tsumma, matar aure da 'ya'ya uku, ta hau kwano mahaifinta bai yi mako a ƙasa ba. Su faɗa. Mijina ne ya kawo ni a mota, shi kaɗai nake bukatar izininsa.

Na tarar da ita a kwance inda ka bar ta, Baba, da dutse biyu da ka tokare ta da su. Na hau da yaƙinin cewa zan ga lamba huɗu ta farfashe, in sauko in tsaya a gaban Baffa in ce ga abin da kake so ka sa wa motocin mutane. Na durƙusa na duba. Na sake dubawa, na matsa da babban yatsa kamar yadda kake yi. Lamba biyu ta yi ja. Lamba ɗaya, man da kake amfani da shi, lafiya lau. Lamba huɗu ma lafiya lau. Babu tsaga ko ɗaya. Na ji kamar an zare mini tsanin.

Na buɗe gwangwanin na ciro littafin. Rubutunka ne, manya-manyan baƙaƙen nan da suke hawa tudu. A shafin Asabar ɗinka ta ƙarshe ka rubuta: “Huɗu ba ta yi laifi ba har yanzu. Tana ɗaukar ƙura kaɗan. A jira zafin Afrilu.” Ashe ka sani. Wata goma kana kallon man mutumin da kowa yake zaton ka tsana yana cin gwajinka, kana rubutawa da hannunka, ba ka rage masa komai ba. Ba ka gaya wa dillalin ba don kada ya ɗauka an gama. Ba ka gaya wa Baffa ba don ka san zai ce a sauko da ita. Na zauna a kan kwanon nan na yi kuka, na kuma ji kunyar kaina, domin ni na hau neman abin da zan kayar da Baffa ne, kai kuwa abin da tayar za ta faɗa kake hawa nema.

Da na sauko ban ɓoye ba. Na kai wa Baffa littafin na buɗe masa shafin. Ya karanta, fuskarsa ta saki, ya ce to ai magana ta ƙare, kai da kanka ka wanke man daga zargi. Na ce ba ka wanke shi ba, cewa ka yi a jira. Haɗinka ma sai a wata biyun ƙarshe ya nuna halinsa, lokacin da rana take dukan kwano da gaske. Na gaya masa, kuma ina maimaitawa a nan kowa ya zama shaida: idan Asabar ta ƙarshe ta Afrilu ta zo lamba huɗu tana nan garau, ni da kaina zan riƙe wa masu kafa allon ƙusa. Idan mai jarkar ya kai tayinsa tsallake kafin nan, ya kai, Allah ya sa su amfana. Na san ba kafaɗata ce take jan bokitin ba, kuma wannan yana damuna fiye da yadda Baffa yake zato. Amma man da bai cika shekara ba ba zai taɓa motar mutanen da suka cika layinmu ba, a rumfar da har yanzu ake kira da sunanka.

Asabar ta biyu, wato jiya, dillalin ya zo da mutum biyu da igiyar awo, za su auna inda allon zai zauna a kan rufin. Suka tarar da ni a wurin. Ya ɗaga kai ya gaishe ni, ya ce aikin minti goma ne. Na ce nawa na rabin awa ne, kuma kwanon ba ya ɗaukar mutum biyu. Ya juya wurin Baffa ya tuna masa cewa saura kwana tara. Baffa ya tako gindin rumfa ya kira ni da sunan da kai kaɗai da shi kuke kira na. Ya ce: “Sauko.” Na ce: “Saura Asabar biyar, Baffa.” Ban taɓa ƙin bin maganarsa ba tun da aka haife ni, amma ban motsa ba.

Ina jin motoci suna wucewa, ina jin ruwa yana zuba a bokitin Dogo. Sai na ga Baffa ya shiga ɗakin kaya, ya fito da wata tsohuwar jakar leda, ya zo ya kama tsanin mai faci da hannun hagu, ya miƙo mini jakar da kafaɗar nan tasa mai ciwo. Ya ce: “Wancan makon da soso ɗaya kika shafa duka, ina kallon ki. Kowace lamba da nata soson, suna ciki. Ki rubuta kin yi kuskure.” Bai saki tsanin ba har na gama na sauko. Dillalin ya naɗe igiyar awonsa ya tafi. Baffa bai ce ya janye amsarsa ba, ni ma ban tambaye shi ba, ban kuma san abin da ƙarshen wata zai kawo ba. Na dai rubuta kuskurena a littafinka, a ƙarƙashin rubutun Dogo.

Wannan ita ce amsata ga mai maganar ƙofar gida. Gaskiya ne mahaifina bai bar rumfa uku ba. Guda ɗaya ya bari, mai yoyo, da tsohon inji. Ka je ka tambayi masu rumfa uku ko akwai wanda zai iya goga farin tsumma a aikinsa ya ɗaga a gaban mai mota.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, hannuwansa sun ci ruwa da sabulu wajen neman halak. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka wanke shi daga kurakuransa fiye da yadda ya wanke wa bayinka ababen hawansu. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljannar Firdausi ce masaukinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Umma, wadda har yanzu take ninke fararen tsummoki ba ta san wa za ta ba ba. Ina miƙa ta ga yayana da ƙannena, da jikokinsa, da Dogo, da mai faci, da direban motar asibiti, da duk wanda tayarsa ba ta ƙyalli. Ina miƙa ta musamman ga Baffa, wanda ya yi rashin yaya da abokin aikin shekara talatin a rana ɗaya. Ka yafe mini ɗaga murya, Baffa. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Baba, tambayarka ta ƙarshe tana nan a kunnena, kuma ga amsarta ta wannan makon. An hau. Ni na hau, ƙaninka ne ya riƙe tsanin.